Na Biyu a Gasar Mutum Biyu

Daren Lahadin nan an hana mu barci a unguwarmu ta Yakité. Babura suka yi ta zarya daga gada zuwa kasuwar Kilomita Biyar, oda kamar an kawo amarya, wai ƙungiyar ƙwallon samarin layinmu ta zo ta biyu. Da safe na tambayi mai shayi ƙungiya nawa ta shiga gasar. Ya ce uku aka rubuta, amma ta ukun ba ta zo ba, mai tsaron gidanta ya tafi Duwala sarin kaya.

Ƙungiya biyu ke nan. An zura wa namu huɗu da nema, suka dawo gida aka yanka akuya. Da bawan Allahn nan bai tafi Duwala ba, da yanzu akuyar tana bakin kasuwa tana cin kwalinta lafiya lau. Ba ta san ƙwallo ba, ba ta san Duwala ba, fataucin wani ya yi ajalinta. Har fatar aka shanya a jikin katanga, tunda babu kofin da za a nuna wa baƙi.

A unguwar nan ba a cinye kowa. Kullum saura ƙiris, kullum an sayi alƙalin wasa. Kuma ciwon har Turai: Holan ta sha kashi a wasan ƙarshe na kofin duniya a 1974, 1978 da 2010, amma a na ukun sai da aka zaga da 'yan wasan cikin jirgin ruwa a Amstadam.

Wani a teburin shayi ya ce ai Touadéra ma na biyu ya zo a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa na Disamban 2015, bayan Dologuélé, ga shi ya shiga fada a 2016. Gaskiya ne, Alhaji. Sai dai 'yan takara 30 ne a zaɓen nan, kuma ba wanda ya tafi sari.

Abin da ya ƙona min rai shi ne, cikin masu cin naman akwai uban da 'yarsa ta zo ta biyu a aji cike maƙil. Ko alewa bai saya mata ba. Cewa ya yi, "Ita ta ɗayan kai biyu gare ta?" Yarinya ta kwana tana kuka, shi yana can yana sakace.

Iyaye maza, don Allah ku fito mana da takardun sakamakonku mu gani. Duk uban da na sani a Yakité na ɗaya ya riƙa zuwa a ajinsu.