Masu Kashe Kifi da Kyakkyawar Niyya

Duk wanda ya tashi tsakanin Kaya da Maradun, ko Bakura da Talata Mafara, yana ganin ya san kifi, kuma da gaskiyarsa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, yankin yake kwana kusa da tafkin da aka gina don ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Mun san tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa, mun san wanda ya fi daɗi a miya da wanda sai an yi banda. Abin da ba mu koya ba shi ne yadda ake barin kifi da ransa.

A 'yan shekarun nan kiwon kifi ya shigo cikin gida. Rashin tsaro ya sa gonar nesa ta yi wuyar zuwa, sai abin da mutum zai kiwata a tsakar gidansa ya ƙara daraja. Wani ya gina kwamin siminti a bayan ɗaki, wani ya yanke kan tankin roba, wani ya kafa tamfol. Ga kuma 'yan ƙalilan da suka ga akwatin gilashi a falon wani a Kano ko Abuja, jajayen kifaye suna kai da kawowa a ciki, suka ce su ma sai sun ajiye. Mai tamfol riba yake nema, mai gilashi ado, amma a watan farko makoki ɗaya suke yi. Tafkin Bakolori yana da faɗin da zai shanye wautar mutum, ruwa lita 50 ba shi da wannan haƙurin. Kowa kuma da halinsa yake kashe nasa kifin.

Ɗan gaggawa ne a gaba, don dama ba ya iya tsayawa a baya. Ranar Lahadi magini ya gama shafe, Litinin aka cika kwami, Talata 'ya'yan kifi suka iso cikin jarka a bayan babur, aka tuttule su jagwab. Ranar Juma'a sai ka same shi tsugune da matsami yana kwashe gawa, yana cewa mai sayarwar ya cuce shi. Ba wanda ya cuce shi. Sabon siminti yana sakin sinadarin da ke sa ruwa ya yi kaifi, ya ƙona fatar kifi da jan abin nan na gefen kai da yake numfashi da shi, shi ya sa masu sani suke jiƙa kwami su zubar, su sake jiƙawa su zubar, har makonni. Ruwan famfo, idan daga gidan ruwa yake, yana ɗauke da kulorin da aka zuba don kashe ƙwayoyin cuta, sai an bar shi ya kwana a buɗe. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma ya fito daga ƙarƙashin ƙasa da ƙarancin iska, shi ma yana son a bar shi ya sha sarari. Kifin da ya zo a leda kuma ana ɗora ledar a kan ruwa minti 15 zuwa 20, zafin ciki da na waje su daidaita, sannan a kwance.

Amma babban abin da ɗan gaggawa ba ya da lokacin saurare shi ne wannan. Kifi yana fitar da amoniya ta kashinsa da numfashinsa, kuma amoniya guba ce gare shi. A tafki akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu juya ta zuwa wata guba ta biyu, wasu kuma su juya ta biyun zuwa naitiret, irin wanda ke cikin takin zamani, mai sauƙin illa, wanda tsirrai ke shanyewa. Waɗannan ma'aikata suna zama a jikin dutse da yashi da soson matatar ruwa. A sabon akwati babu ko ɗaya, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Zuba kifi da yawa a sabon ruwa daidai yake da tarewa da iyali a sabon gida ba a haƙa masai ba. Ruwan yana nan garau, kifi na shan guba. Ka yi masa wannan bayani, kafin ka kai rabi ya buga waya a kawo masa wasu.

Na fi jin tausayin mai tausayi. Yawanci Hajiya ce, ko Inna, ko tsohon da ya yi ritaya ya rasa wanda zai kula da shi. Kifi dai ba ya da aikin da ya wuce buɗe baki da rufewa, ita kuwa ba ta iya ganin baki a buɗe ta wuce.

"Alhaji, kihin ga shina jin yunwa, dubi yadda yake roƙo."

"Hajiya, yanzu na ba su."

"Ɗan abin da ka barbaɗa? Haba, ka ji tsoron Allah."

Sai ta ƙara cin hannu. Yara su dawo daga makaranta su ƙara, baƙuwa ta zo a ba ta gwangwani ta gwada, da dare wani ya jefa guntun tuwo saboda lada. Ba wanda ya san abin da na gabansa ya zuba. Abin da kifi bai cinye cikin minti biyu ko uku ba yana nutsewa ya ruɓe, ya ƙara amoniya, ya cinye iskar ruwan. Kwana kaɗan ruwa ya yi fari-fari, ya soma wari, kuma ruwa ba ya tsami banza. Da kifin ya daina ci saboda ruwa ya lalace, sai ta ce abincin ne bai so, a canza masa wani. Lafiyayyen babban kifi zai yi kwana biyu ko uku bai ci ba kuma ba abin da zai same shi, amma kada ka faɗi haka a gabanta, za ta daina ba ka amanar kaji.

Kishiyarta a wannan fage ita ce mai tsafta. Ita ba ta yarda da ruwan da ya kwana ba. Duk Asabar za ta kwashe kifi a roba, ta zubar da ruwan kaf, ta sa omo da soson ƙarfe ta dirje gilashi da duwatsu, ta wanke soson matata da ruwan zafi har ya yi fes. Ma'aikatan nan da suka yi wata guda suna taruwa, ta sallame su a safiya ɗaya, ta bar ɗan sabulu a lungu don kifi ya ƙarasa. A akwatin gilashi kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ake canzawa a mako, soson kuma a cikin tsohon ruwan da aka ɗebo ake matse shi. A wurinta wannan ƙazanta ce, kuma ba a gidanta ba.

Sai mai lissafi. Shi tun kafin ya sayi tanki ya gama cin riba a takarda. Ya ji cewa Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa, ya ɗauki biro: 'ya'yan kifi 1000, kowanne kilo ɗaya bayan wata shida, a ninka da farashin kilo, ga kuɗin babur har da canji. Tankin nasa lita 1000 ne, wanda da wuya ya raini tarwaɗa fiye da 100 har su girma, shi ma sai da canjin ruwa a kai a kai. Bai sa kuɗin abinci a lissafi ba, alhali abinci ne ke cinye fiye da rabin jarin mai kiwon tarwaɗa. Bai kuma san tarwaɗa ba ta san zumunci ba. A kowace zuba akwai 'yan kaɗan da ke tsere wa sa'o'insu a girma, kuma da bakinsu ya isa, ƙannensu ne abincin dare. Masu sana'ar suna tace su lokaci-lokaci, manya gefe, ƙanana gefe. Shi bai tace ba. Bayan wata biyu ya ƙirga ya ga saura kaɗan, da wasu ƙattai guda biyar suna lumshe ido, sai ya kira yaron gida.

"Kai, zo nan. Ina kifina?"

"Wallahi Baba ban taɓa ba."

"To tashi suka yi?"

Ɓarawon na cikin tanki yana kallonsu.

Ƙaninsa shi ne mai haɗa zumunci, wanda ya sayi jan kifin ado da tsada, ya ga akwatin ya yi masa fili, ya je bakin dam ya karɓo 'yar tarwaɗa wurin masunta don ta taya shi hira. Da safe hira ta ƙare, tarwaɗa ce kaɗai ta san yadda aka yi. Ko da ba ta ci shi ba, kifin da aka kamo daga tafki yakan shigo da cutar da shi ya saba da ita, na gilashi bai saba ba, don haka sabon zuwa a wani mazubi ake ajiye shi mako biyu ko fiye a ga lafiyarsa.

Likita kuwa bai taɓa shiga aji ba, amma yana da waya. Ya kalli bidiyo uku a TikTok, biyu daga ciki da yaren da ba ya ji. Da kifi ya yi lamo sai ya nufi kemis ya sayo kafso ja da rawaya, ya farke a ruwa, ya bi da gishiri cikin gwangwani, ya matsa shuwaka, idan abin ya ƙi ya ƙara farasitamol. Gishiri yana da amfaninsa, masu kiwo suna aiki da shi a kan awo, musamman ga ciwon fararen ɗigo-ɗigo da ke fesowa a fatar kifi. Amma mafi yawan abin da ke damun kifin sabon shiga ba cuta ba ce, ruwa ne, kuma kafson da ya farke yana kashe ma'aikatan soson matata tare da duk abin da ya samu. Ga Kwalejin Aikin Gona a Bakura, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa kusa da Kainji, amma likita ba ya tambaya, shi ake tambaya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sai dai a wuyan kifi aka ɗaura wannan.

Akwai wanda ya dogara da wutar NEPA, kuma a ƙasar nan wannan kaɗai ya isa a yi masa addu'a. Ya sayi injin hura iska, ya cika akwati da kifi gwargwadon ƙarfin injin, ya manta injin ba ya aiki da fatan alheri. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, shi kuma ya ajiye akwatin a bakin taga inda rana ke duka. Wuta ta ɗauke da dare, da asuba kifi duk sun taso sama suna haɗiyar iska. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari, shi ya sa take jure abin da karfasa da kifin ado ba sa jurewa, shi ya sa kuma take rufa wa masu kiwo da yawa asiri. Da hunturu labari ya juya. Tarwaɗa ta fi son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, idan sanyin Disamba da Janairu ya sauka sai ta rage ci, mai ita kuma ya ci gaba da zuba abinci yadda ya saba a bazara.

Mai zargi ba ya buƙatar duk wannan bayani, don shi ya riga ya san wanda ya yi. Maƙwabcin nan ne da ya leƙo jiya ya ce "kai, sun yi kyau" bai ce masha Allah ba. Baki ne. Ba zai tuna ba cewa daren jiya ya rufe taga ya fesa fiya-fiya a falon saboda sauro, alhali maganin ƙwari kaɗan ya isa ya gama da akwati guda. Ba zai tuna ya wanke hannu daga feshin gona ya tsoma a tanki ba. An daina gaisawa da maƙwabci, gwangwanin feshi yana nan kan tebur ba wanda ya tuhume shi.

Kada a manta da baƙo, wanda ba shi da kifi amma yana da ra'ayi. Zai ƙwanƙwasa gilashi da zobe don kifi ya juyo, ba ruwansa da cewa ƙarar tana firgita shi. Sannan ya yi tambayar da kowane Bazamfare ke ɓoyewa a ransa: "To Alhaji, yaushe za a ci?" Ka ce masa ba a ci, na kallo ne, mutanen Sin sun fi shekara 1000 suna kiwon wannan jan kifi don ado, Turawan Ingila ma tun 1853 suka buɗe gidan kallon kifi a gidan namun dajin Landan. Ka ƙara da cewa idan ya samu kulawa yakan wuce shekara 10 a raye. Zai girgiza kai ya ce shekara goma kana ciyar da abin da ba ya shiga tukunya, lallai kuɗi sun yi maka yawa. A nan dai ban ga laifinsa sosai ba.

Akwai wani guda da ba a cika labarinsa ba, don ba abin dariya a tare da shi. Ya cika ruwa ya bar shi, ya roƙi ɗan tsohon soso wurin wanda akwatinsa ya daɗe lafiya, ya fara da kifi uku ko huɗu, ya hana kowa taɓa gwangwanin abinci sai shi. Kullum da safe yana tsayawa ya duba yadda suke iyo, ya sunsuna ruwan. Mutanen gida suna ce masa mai rowa, abokai suna ce masa akwatinsa ba kowa a ciki. Kifinsa na nan.

Mai karatu, idan kana da niyyar farawa, cika mazubinka a wannan makon, ka bar kuɗin kifin a aljihu. In ka ga ba za ka iya jira ba, ka kai kuɗin kasuwar Mafara ranar Talata ka sayi banda, aƙalla za a ci.