Jikan Madugu Ya Ɓata a Lome

Bari in fara da wanke abokan tafiyata, don kada gobe wani ya ce na shafa masa kashin kaji. Duk abin da ya same ni a Lome ni na saya da kuɗina, har na nemi gyara.

Mu goma sha takwas ne, duk 'yan fansho. Ƙaraminmu shekararsa 61, shi muke kira yaro muna aikensa sayen ruwa. An shirya mana tafiyar ƙaro ilimi ce, wai bin sawun fatake, mu ga inda kakanninmu suka riƙa kai kanwa da fata da tufafi su komo da goro. Su fataken ta Borgu suke ratsawa su nufi Gwanja, amma gwiwoyinmu suka zaɓi kwalta: Legas, Seme, Kwatano, Aneho, sai Lome. Ayari ne sosai, sai dai maimakon mangalar jaki kowa da ledar magani, wannan na hawan jini, wancan na suga. Direba kuwa tun muna Zariya ya haddace kalmar "a ɗan tsaya", har ya daina tambayar dalili.

Jagorarmu yarinya ce mai digiri na biyu a tarihi, sa'ar autata. Ni kuwa shekara 35 na yi ina koyar da Hausa da tarihi a sakandare, ga kuma abin da ya fi digiri: a gidanmu an sha faɗa mana kakan babana madugu ne, ya kai ayari har bakin teku. To ka gaya mini, wa zai koya wa jikan madugu hanya? Da muka ƙetare iyakar Benin zuwa Togo ta tashi ta raba mana takarda mai shafi biyu, ta ce, "Iyayena, don Allah a karanta, akwai abubuwa biyu masu muhimmanci." Na karɓa da murmushin da nake yi wa ɗalibi mai ƙoƙari, na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Takardar na yi fifita da ita, daga baya ta naɗe mini ƙosai.

Abu na farko da ke cikin takardar, asuba ta koya mini shi. Agogona na buga biyar saura kwata na fita ina ƙwanƙwasa ƙofofin masauki ɗaya bayan ɗaya, ina assalatu, ina faɗa a raina cewa tafiya ta lalata mutane. Na samu bayin Allah biyu na ja su salla, na yi doguwar sura don su ji a jikinsu. Mun shafa fatiha, mun zauna muna gyangyaɗi, can sai muka ji ladan ya ɗaga murya. Ashe Togo tana bayan Najeriya da awa guda. Ɗaya daga cikin waɗanda suka bi ni, wani tsohon ma'aikacin kwastan, bai ce komai ba. Ya dai tashi ya sake alwala, kuma da muka tsaya ramawa ya matsa can ya bi wani liman.

Mai hankali da nan zai nemo takardar ƙosai ya karanta abu na biyu. Ni sai na ƙulla wata dabarar.

Tsarin ranar shi ne da safe a je tsohuwar fadar gwamnan Jamus, wadda aka gyara aka mai da ita gidan nune-nune a 2019, a leƙa ragowar gadar jirgin ruwa ta 1904 da teku ke ci, a shiga babbar kasuwa a ji labarin matan nan 'yan kasuwar atamfa da ake kira Nana Benz. Zongo, unguwar fatake, sai bayan azahar. Ni kuma hoton da ke kaina daban ne: motarsu ta tsaya a Zongo, su sauko a gajiye, su tarar da ni a kan buzu tsakiyar dattawan unguwa, da kofin shayi a hannu, in ɗaga kai a hankali in ce, "A'a, sannunku da zuwa." Don wannan gaisuwa kaɗai na ce wa uwargida kaina ke ciwo, su tafi. Suna fita na zaro babbar rigar shadda mai sitaci, na kafa zanna bukar, na ɗauko wata taswirar Lome da na kwafa daga wani tsohon littafi tun ina ɗalibi a Zariya.

Ɗan acaɓa a can zemijan suke ce masa. Na tare ɗaya na ce, "Zongo." Ya yi mini wata tambaya da Faransanci, yana nuna nan kusa, yana kuma nuna can nesa. Faransancin da na koya a kwalejin horon malamai a 1975 saura kalma uku, bonjur da mersi da sunan taga, kuma babu wadda ta dace. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ba a faɗi makomar wanda aka tambaya ya ƙi saurara ba. Na buɗe taswira na dangwala yatsa. Ya ɗaga kafaɗa, muka tafi, ko minti goma ba mu yi ba ya sauke ni kusa da babban titin nan da suke kira Boulevard du 13 Janvier.

Jama'a, na ga gine-gine. Benaye masu gilashi, motoci a jere, mutane da kwat suna shige da fice. Maimakon in yi shakka sai ƙirjina ya buɗe. Na ce Allahu Akbar, dubi inda zuriyar fatake ta kai! Na ciro waya na shiga zauren WhatsApp na tafiyarmu na danna naɗar murya. Minti bakwai na yi. Na ce ga ni tsaye a kan ƙasar da kakan babana ya sauke ayarinsa, na ce ina jin ƙanshin goro a iska, na ce akwai abin da ba a koya a jami'a. A minti na biyar murya ta karye, na yi kuka na gaske, da shessheƙa. Da na aika sai na durƙusa, gwiwa na ƙara, na ɗebi ƙasa na ƙulle a hankici don jikoki.

"Alhaji, lafiya? Wani abu ya faɗi?"

Wani saurayi ne mai tallar agogo da tabarau, Hausarsa ta Dogondutsi. Na ce masa ƙasar Zongo nake ɗiba don tabarruki. Ya dube ni, ya dubi benen, ya ce, "Wannan ai banki ne, Alhaji. Zongo an tashe shi tun ba a haife ni ba." Shi ya ba ni darasin a tsaye, da allon agogo a kafaɗa: a 1977, zamanin Shugaba Eyadema, aka sa katafila ta rushe unguwar, aka kwashe mutane zuwa bayan gari, wajen Agoe da Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa. Sunan ne kawai ya rage a bakin 'yan zemijan, shi ya sa nawa ya tambaye ni wanne. Na duba waya da sauri, alama ta riga ta yi shuɗi. Na ce in goge, hannu na rawa, na goge wa kaina kaɗai. Saƙon ya ɓace mini, ya zauna daram a wayar mutum goma sha bakwai.

Duk da haka ban koma masauki ba. Na ce in dai na riga su isa Zongo na gaskiya, buzu da shayi za su wanke ni. Yaron ya tsayar mini da wani zemijan ya yi masa bayani, muka hau babbar hanyar da ta miƙe arewa, wadda tirelolin Burkina da Nijar da Mali ke bi daga tashar jiragen ruwa. Wanda bai taɓa hawa babur da babbar riga mai sitaci ba, ya gode wa Allah. Iska ta shiga ta hannun dama ta ƙi fita ta hagu, na kumbura kamar tantin biki. Hannu ɗaya na riƙe da ƙarfen baya, ɗaya na danne riga kada ta shiga taya, babu na ukun da zai riƙe hula. Ina ji ina gani zanna bukar ta tashi, ta yi juyi biyu a sama, ta sauka gaban wata tirela. Ban waiwaya ba, don akwai abin da ido bai kamata ya gani ba. Da muka isa ƙafafuna suka ƙi saukowa. Samari biyu ne suka ɗauke ni daga kan babur yadda ake sauke buhun gero, ɗaya yana cewa, "Sannu Baba, sannu Baba," ɗayan yana kallon gefe kafaɗunsa na rawa.

Nan kam Zongo ne, ba sai an faɗa ba. Ga masallatai, ga mahauta, ga hayaƙin tsire wanda su ke kira cicinga, ga almajirai da alluna. Kotokoli da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa duk suna ciniki da Hausa. Na lallaɓa teburin wani mai shayi, mutumin Tawa, na sha da madara da burodi, raina ya ɗan dawo. Na ce nawa, ya ce, "Sittin." Na ce a raina kai, ƙasar nan akwai araha. Na zaro ƙwandalar sefa 100 na ajiye da ƙara yadda kowa zai ji, na ce, "Riƙe canjin." Ya ɗauka ya juya ta, ya ce, "Alhaji, wannan dala ashirin ce. Saura arba'in." Su da dala suke lissafi, kowace dala sefa biyar, sittin ɗinsa 300 ke nan. Na yi kyauta da kuɗin da bai kai rabin bashina ba, a gaban mutum shida.

Ina lalube aljihu sai ga wata yarinya, ba ta fi shekara tara ba, ta ce, "Baba, mamana ya ce ka shigo inuwa." Ka san hali zanen dutse. Kai ba hula, riga ta yi baƙi da hayaƙi, bashi a wuya, amma malamin da ke cikina ya miƙe. Na ce, "Ta ce. Mama mace ce, ta ce." Yarinyar ta ce to. Ta juya ta faɗa wa ƙawarta wani abu da Faransanci, ta amsa wa mai kifi da yaren Ewe, ta ƙwala wa ƙaninta kira da Kotokoli, sannan ta kama hannuna ta ce, "Taho, Baba, kar ka sake faɗuwa." Ban faɗi ba. Ban dai yi gardama ba.

A zauren gidansu ayarinmu ya same ni bayan azahar, ba a kan buzu ba, a kan tabarma, ina sharar barci baki buɗe, an rufa mini kai da ɗankwalin mamanta saboda ƙudaje. Ashe gidan dattijon da aka shirya za mu ziyarta ne. Uwargida ce ta taɓa ƙafata ta ce, "Malam, ya ciwon kan?"

Aka zauna. Dattijon ya haura tamanin, a tsohon Zongo aka haife shi, yana kuma tuna ranar da suka ɗora ƙofofin gidansu a mota. Ya yi magana a hankali: yadda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, wasu suka yi Karaci, wasu Kumasi, wasu suka gangaro teku; yadda Jamusawa suka mai da Lome hedikwata a 1897 ciniki ya biyo su; yadda Malam Umaru Salaga, haifaffen Kano, ya zauna a Karaci yana karantarwa har ya rasu a 1934. Jagorarmu ta ƙara da cewa wani Bafaranshe, Michel Agier, ya rubuta littafi guda a kan 'yan kasuwar unguwar nan a 1983, ta ce, "Yana shafi na biyu na takardar da na raba." Ba ta kalle ni ba. Da ta kalle ni da ya fi sauƙi.

Ka ce in yi shiru, ko? Na gyara murya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma ɗan gida ne, kakan babana madugu ne, ya kawo ayari har nan." Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Madalla, Malam. Shekara hamsin ina karɓar baƙi daga Kano da Katsina da Sakkwato, kowa kakansa madugu ne. Har yau ban ga jikan mai korar jaki ba, ban ga na ɗan alaro ba. Ina ta mamaki, wa ya ɗauki kayan?" Zaure ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, irin wadda ake yi da haƙora kaɗai. Ana cikin haka tsohon kwastan ɗin nan, wanda ya yi asuba biyu saboda ni, ya ce yana so ya nuna wa dattijo hoton fadar gwamna, wai yatsansa ya zame. Sai ga muryata ta cika zauren, tana jin ƙanshin goro. Babu wanda ya kashe. Aka saurara har minti na biyar, inda kukan yake. Dattijon ya karkata kunne ya ce, "Wannan bawan Allah a ina yake?" Yarinyar nan ta nuna ni ta ce, "Shi ne. A banki."

Da muka dawo Kano na je gaida yayata, wadda ta girme ni da shekara goma sha biyu, na tambaye ta labarin madugun gidanmu. Ta ce, "Wane madugu? Tuwo yake tuƙa wa ayari. Sau ɗaya ma ya tafi, bai wuce Jega ba gudawa ta dawo da shi."

Hankicin yana nan cikin durowa, ban kwance ba. Uwargida ta hana a zubar. Duk ƙarshen wata idan fansho ya makara sai ta ce in duba, ƙasar banki ce, ko ta haihu.