Masu Sayen Gam a Kasuwar Dambatta

Ran Lahadi, in kasuwar Dambatta ta cika ta batse, ka raɓa kusa da teburin ɗan koli ka zuba ido. Wajen sayen gam ɗin liƙi kaɗai za ka ga halin mutane iri-iri.

Mai sammako shi ne sarkin gaggawa, silifa a hannu, ƙafa ɗaya a ƙasa. Shi duk duniya bai san wani gam ba sai sufa-gulu. Ɗan koli ya ce, "Yallaɓai, wannan in ya bushe ƙandarewa yake yi, takalmi kuwa lanƙwasa ce sana'arsa." Ina! Ya tsiyaya, ya danna, ya taka. Kafin ya kai kara wajen shanu silifa ta sake wage baki, yatsunsa biyu kuwa sun manne ba mai raba su. Gam ɗin nan, da Harry Coover ya gano a Amurka a 1942, danshi yake nema kafin ya kama. Shi ya sa da hunturu yake yin nawa a kan busasshiyar roba, amma ya samu fatar mutum mai gumi, nan take.

Ƙanensa a hali ya fi ban takaici, domin shi ya sayi daidai: Evo-Stik, mai ja kamar danƙo, wanda ke bin fata da roba duk inda suka karkata. Haƙuri ne babu. Kowane mai gyaran takalmi ya san ƙa'ida: a kankare wurin, a shafa gefe biyu siriri, a ajiye kamar minti 10 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a bubbuga da guduma. Mutuminku sai ya lafta rabin gwangwani, ya haɗa da ɗanyensa, ya ɗora turmi a kai. Washegari ya dawo yana rantsuwa jabu aka sayar masa.

Wani Baba kuwa bai zo saye ba, ya zo zagi. A ganinsa tun da Allah ya yi ƙaro a jikin ɗakwara an gama maganar liƙi. Gaskiyarsa rabi ce: ƙaro ya iya takarda, ya iya tawadar allo, ya sa rubutu ƙyalli. Amma ruwa ke narkar da shi, butar da Baba ya liƙe kuma ko alwala ɗaya ba ta kai ba. Kada ka tuna masa.

Wadda na fi tausaya wa ita ce 'yar gayun ƙauye da ta koyi jera duwatsu a mayafi da jaka daga waya. A bidiyon an nuna bindigar gam, garinsu kuma ba wuta. Sai ta kunna kyandir, ta riƙa narka sandar gam tana ɗigawa, tana hura yatsa. Aiki ya yi kyau, wallahi. Sai dai bikin amaryar da ta yi wa aikin ya faɗo da bazara, rana ta gasa mayafin a bayan babur, gam ya saki, amarya na tafe duwatsu na zuba, yara na tsinta. Da ta samu mai taushin nan na tub da ake kira B-7000, da ba a yi haka ba.

Yaran da ke ƙera motar kara bayan girbin dawa ba ruwansu da wannan rigima. Ɓawon kara ne ƙusarsu, tsohon tub ɗin keke ne maɗaurinsu, motar kuma ta ratsa kunya-kunya ba ta ɓalle ba. Inna ma haka: ƙwaryarta in ta tsage, gyartai take jira ya ɗinke.

Can da la'asar wani matashi ya iso, ido ja, murya ƙasa-ƙasa, yana neman sholisho na faci. Ɗan koli ya dube shi sama da ƙasa, ya tura gwangwanin ƙarƙashin tebur, ya ce, "Ɗan samari, je ka turo keken tukuna."