Yadda Ake Cin Abinci a Unguwar Yahudawan Rum Ba Tare da An Ji Kunya Ba

Duk Bahaushen da ya kwana uku a birnin Rum ya san wahalar da nake nufi. Ranar farko burodi da ruwa. Rana ta biyu ayaba da biskit ɗin da ya rage na jirgi. A rana ta uku sai ka fara kallon tattabarun dandali da wani irin ido. Ba abinci ne babu a garin ba, ai Italiya ce, ƙasar da in ka cire harafin farko na sunanta sai ka ga taliya. Matsalar ita ce mutanen Rum sun ɗauki alade kamar yadda muka ɗauki daddawa: ko ba a gan shi a saman tukunya ba, yana ƙasa yana aiki. Shahararrun taliyarsu irin su karbonara da amatriciyana duk da kitsen kumatun alade ake soya su.

To, a nan ne wani masani zai raɗa maka cewa ka nufi unguwar Yahudawa, wadda ake kira Geto, a bakin kogin Taiba. Shawara ce mai kyau, domin Bayahude mai kiyaye addininsa ya fi ka gudun alade, yanka yake yi da wuƙa mai kaifi, kuma ba ya cin jini. Malamai da yawa sun halatta yankan Ahlul Kitabi bisa aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, amma wannan fatawa ce, ka nemo ta wurin malaminku tun kafin ka hau jirgi. Ni aikina shi ne in raka ka har bakin tebur, in kuma fito da kai da mutuncinka.

Fara da duba kalanda. Gidan abincin da ke bin dokar kosha, wato halal ɗin Yahudawa, yana rufewa tun kafin faɗuwar ranar Juma'a, ba ya buɗewa sai an fita daga Asabar da dare. Saboda haka in ka idar da sallar Juma'a a babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995 can arewacin birni, kada ka tsaya dogon gaishe-gaishe da mutanen Senegal da Maroko, kama hanya. In kuwa ka zo ranar Asabar da rana tsaka ka tarar da wani gida a buɗe, hayaƙi na tashi, mai gida na murmushi, to ka san amsar tambayar da ba ka riga ka yi ba.

Wannan shi ne tarko na farko, kuma shi ya fi kama mutane. Babban titin unguwar, Via del Portico d'Ottavia, cike yake da gidajen abinci dama da hagu, kusan kowanne ya rubuta cewa yana dafa abincin Yahudawan Rum. Sai dai abincin Yahudawa daban, kosha daban. Wani gidan zai soya maka abincin da kakannin unguwar suka gada, a tukunyar gefe kuma alade na ta tsuwa. Abin da za ka nema shi ne takardar shaida daga hukumar malaman Yahudawan birnin, ana manna ta a ƙofa ko a bango, da rubutun Ibrananci da kwanan wata. Ba sai ka iya karantawa ba. Tsaya gabanta, ka sa tabarau, ka gyaɗa kai a hankali kamar jami'in kwastan. Daga nan za a fara ganin girmanka.

Kafin ka kai ga takardar, sai ka bi ta hannun 'yan kamasho. Eh, Turai ma akwai su, bambancinsu da na tashar mota shi ne farar riga da ɗan ƙyalle a hannu. Zai tare ka da Turanci, in ka yi shiru ya koma Faransanci, in ya hangi hularka ya jefo maka sallama da Larabci. Zai rantse cewa saura tebur ɗaya, kamar yadda ake cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi. Kada ka yi fushi, neman abinci yake. Yi masa murmushi, ka ce za ka zaga ka dawo. Zagayen ma yana da amfani: ga ginshiƙan da sarki Agustus ya gina da sunan 'yar'uwarsa Oktabiya, waɗanda daga baya suka zama kasuwar kifi ta ɗaruruwan shekaru, ga kuma babban wurin ibadar Yahudawa da aka kammala a 1904, mai ƙubba mai kusurwa huɗu. Can gaba kaɗan akwai wani tsohon gidan wasa mai suna Teatro di Marcello. Ina roƙonka da girman Allah kada ka ɗauki hoto a gabansa ka tura gida ka ce shi ne shahararren gidan wasan nan na Rum, Kolosiyam. An sha yin haka.

Yanzu ka zauna. Teburin zai yi rawa saboda duwatsun daɓen titi, ka naɗe takarda ka cusa a ƙarƙashin ƙafarsa, kowa haka yake yi. Tambayar da za ka fara yi wa sabis ita ce: nan gidan nama ne ko gidan madara? A dokar kosha nama da madara ba sa haɗuwa. Ba a tukunya ɗaya ba, ba a faranti ɗaya ba, har cokulansu daban ne, wanda ya ci nama kuma sai ya jira sa'o'i, wasu har shida, kafin ya taɓa nono. Don haka gidan abinci dole ya zaɓi ɓangare, kamar ɗan siyasa ranar zaɓen fid da gwani. Ka tuna yadda muke cin tsire mu kora da fura da nono, ko mu kwarara man shanu a miyar kuka da ta ji nama? To a can wannan babban laifi ne.

Ni kaina a nan na faɗi. An kawo mini karbonara ta kosha, wadda aka maye alade da busasshen naman sa, ɗan'uwan kilishi amma ba labu. Na ɗanɗana, na ji daɗi, sai shaiɗan ya tuna mini cewa a talabijin ana barbaɗa cuku a kan taliya. Na ɗaga hannu na nemi cuku. Sabis ɗin bai ce komai ba. Kallona kawai ya yi, irin kallon da liman zai yi wa wanda ya shigo masallaci da takalmi, sannan ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, nan gidan nama ne." Tsohuwar da ke teburin kusa ta ajiye cokalinta. Har yau in na tuna sai na ji zufa a ƙeya. Haka nan kada ka nemi kofi mai madara bayan cin nama. Da wannan laifi biyu za ka yi a lokaci guda: ka saɓa wa Attaura, ka kuma saɓa wa al'adar Italiya, inda ake ganin mai shan kapucino bayan azahar kamar mai karin kumallo da tuwon dare. Kuma wallahi ban san wanne daga cikin biyun ya fi tsanani a wurin sabis ba.

Kifi ma da nasa sharaɗin, sai mai ƙamboriya da fiffike. Ma'ana tarwada ba ta da shiga, farfesunta sai ka dawo gida. Raƙumi haramun ne a wurinsu, zomo ma haka. Abin mamaki, wasu nau'o'in fara halal ne a Attaura, Yahudawan Yaman sun daɗe suna ci, amma kada wannan ya sa ka tambayi soyayyar fara da yaji a Rum.

Abin da ya kawo kowa unguwar nan shi ne carciofi alla giudia, a furta shi karcofi alla judiya. Toho ne na wata shuka mai ƙaya, girmansa kamar dunƙulen hannu. Ana fere shi da ƙaramar wuƙa, a soya shi a mai sau biyu, na farko a wuta kaɗan don cikinsa ya nuna, na biyu a wuta mai ƙarfi don ya buɗe kamar fure. Idan aka ajiye maka shi za ka yi zaton ado ne na tebur, ko kuwa wani abu ne ya ƙone aka rasa yadda za a yi da shi. Kada ka nemi wuƙa da cokali mai yatsu. Hannu za ka sa, ka ciro ganyen ɗaya bayan ɗaya, yana ƙurus-ƙurus a baki, har ka kai zuciyarsa mai laushi kamar dafaffen dankali. A nan Bahaushe ya fi Ba'amurke, mu da aka haifa da cin abinci da hannu. Lokacinsa na gaskiya daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu ne. In ka zo a Agusta za a ba ka, domin ba a mayar da mai kuɗi, amma ba ɗan gida ba ne.

Ga shawara kyauta: kada ka tayar da zancen tsutsa. A 2018 hukumar manyan malaman Isra'ila ta ce wannan abinci ba kosha ba ne, wai ƙananan ƙwari kan ɓuya a tsakanin ganyen, cin ƙwaro kuwa haramun ne. Yahudawan Rum suka ce ba su san zancen ba. Suka ce irin nasu ganyensa a matse yake, tsutsa ba ta samun ƙofa, kuma su da suke birnin tun fiye da shekara 2,000, tun kafin haihuwar Annabi Isa, ba wanda zai koya musu wanke ganye. Ka ɗauka wani malami daga ƙasar waje ya aiko wa Kanawa takarda cewa gurasa makaruhi ce.

Bayan karcofi sai ka gwada soyayyen kifin gishiri da aka tsoma a ƙullu, ko ƙananan kifi da aka gasa da ganye mai ɗan ɗaci. A gidan madara ne za ka samu furen kabewa da aka cusa wa cuku aka soya. In ka ga kuskus a jerin abinci, ba ɓatan hanya ya yi ba. Yahudawan Libiya ne suka zo da shi lokacin da suka baro Turabulus a 1967, garin da fatakenmu suka sani tun zamanin ayari.

Idan ka lura, duk abincin talaka ne: ganye, ƙananan kifi, kayan ciki, duk abin da mai kuɗi ya raina sai a jefa a mai. Dalili kuwa, a 1555 Fafaroma Paul na Huɗu ya killace Yahudawan Rum a wannan lungu da kogi ke yawan yi wa ambaliya, aka sa ƙofofi ana kullewa da dare, aka tilasta musu sa alama mai launin rawaya, aka hana su yawancin sana'o'i in ban da irin su gwanjo. Haka suka zauna fiye da shekara 300, sai a 1870 abin ya ƙare. A nan raha za ta ɗan dakata. In kana tafiya za ka ga ƙananan faranta na tagulla a daɓen ƙofar gidaje, da sunayen waɗanda 'yan Nazi suka kwashe a kai. Ranar 16 ga Oktoba 1943 sojojin Nazi suka kwashe mutum fiye da 1,000 daga birnin zuwa sansanin Auschwitz, 16 kacal suka dawo. Kada ka tsaya a kan sunan mutum kana lasar askirim.

Mu koma tebur, ga sabis ya iso da kwalba. Nan ne hanyarmu da tasu ta rabu. Giyar inabi halal ce a wurin Yahudawa, da ita ma suke buɗe Asabar, kuma mai dahuwa kan zuba ta a miyar nama. Saboda haka takardar da ke ƙofa ta raba ka da alade ne kawai, ba ta raba ka da kwalba ba. Haddace kalma biyu, senza vino, wato ban da giya, ka riƙa maimaita su kamar lazimi, har a kan kayan zaƙi. Ruwa kuma za a tambaye ka naturale ko frizzante. Na farkon ka ce. Na biyun ruwa ne mai gas, in ka kurɓa ba shiri sai ya fito ta hanci a gaban jama'a. Dukansu na kuɗi ne, alhali a kan titi ga famfunan da 'yan Rum ke kira nasoni suna zubar da ruwan sanyi kyauta dare da rana.

Kwandon burodin da aka ajiye maka ba tare da ka tambaya ba, kada ka ɗauka karamci ne irin ruwan da ake ba baƙo a zaure. Zai fito a lissafi. In ka ga farashin kifi ya yi araha har ka yi hamdala, sake dubawa, sau da yawa na giram 100 ne, kifin kuwa ba zai zo da nauyin ƙadangare ba. Jerin abincin an kasa shi hawa-hawa, na buɗe ciki, taliya, nama ko kifi, ganye, sai zaƙi. Ba wajibi ba ne ka hau kowane bene. Sabis zai nuna kamar ka ɓata masa rai, amma zai warke.

Takardar kuɗi ba ta zuwa da kanta, ko za ka kwana a kujerar, domin a wurinsu kawo ta ba a tambaya ba korar baƙo ne. Ka ce il conto. Idan ta zo, Alhaji, abu ɗaya nake roƙo: kada ka buɗe waya ka mayar da Yuro zuwa Naira ko Sefa a nan take. Na ga wanda ya yi haka, ya gano cewa ganye biyu da kwalbar ruwa sun cinye kuɗin buhun masara, sai da aka yi masa fifita. Ba a ciniki, ba a cewa albarka, ba a neman gyara. Tukwici ba dole ba ne, ɗan canjin da ya rage ya wadatar.

In da sauran wuri a ciki, akwai wani tsohon gidan burodi a kusurwar titi, ba shi da wani allo na a zo a gani, layin mutane ne zai nuna maka shi. Suna sayar da abin da suke kira fizar Yahudawa, wadda ba ta haɗa komai da fiza ba, dunƙulen zaƙi ne mai almon da busasshen inabi, samansa baƙi ƙirin. Kada ka ce a canza maka wanda bai ƙone ba. Haka ake yin sa, kuma matan da ke bayan kanta ba su da lokacin bayani. Karɓi naka, ka biya, ka matsa, na bayanka na jira.