Yadda Na Yi wa Kwalekwalena Kishiya

Ni mutumin Kankiya ne, kuma duk wanda ya san Kankiya ya san ba garin ruwa ba ne. Garin titi ne. Motocin Kano su wuce Katsina, na Katsina su wuce Kano, mu muna bakin hanya muna amsa sallama. Ruwan da na fi sabawa da shi tun ina yaro shi ne na buta, ban taɓa iyo ba ko a kududdufi. Amma duk da haka ina da jirgi.

A 2019 na ɗauki adashi, sai wani abokina ya ba ni shawarar in sayi kwalekwale in ba masunta a dam ɗin Kusada, maƙwabtanmu, a riƙa raba abin da Allah ya hore. Wani Banufe kafinta ya haɗa mini shi da katako da kusa da kwalta. Da yake mu Katsinawa abokan wasan Nufawa ne, ranar da ya miƙa mini shi cewa ya yi: "Bakatsine da jirgi, kamar kaza da takalmi. Allah ya kiyaye." Na damƙa jirgin ga wani dattijo masunci da nake kira Baba. Shekara huɗu babu abin da kwalekwalen nan ya taɓa nema a wurina in ba kwalta ba, sai kalli idan ya tsufa. Duk mako Baba zai aiko da ɗan abin da ya samu, a haɗo da karfasa ko tarwaɗa a leda. Maiɗakina ma ta fi ganin mutuncin jirgin a kan wasu dangina.

Masifar daga Legas ta taso. Ina da taubashi can yana harkar gwari a kasuwar Mile 12, mutum ne da zai iya sayar wa makaho madubi har makahon ya ƙara masa tukwici. Bayan ƙaramar Sallar 2023 ya turo mini bidiyo: wasu samari a ruwan Lekki, kowa bisa wani abu mai kama da babur marar taya, suna keta ruwa, feshi na tashi a bayansu kamar jelar zakara. Ya biyo da kira.

"Kai da kake da jirgi, ina babur ɗin ruwanka? A nan duk mai jirgi yana da shi. Jirgi na iyali ne, shi kuma na maigida. Akwai wani da mai shi zai bar ƙasa, kyauta ma za a ce."

Gaskiya ya faɗa, rabi. Attajiran Ikoyi da Lekki suna yin haka: a cika babban jirgi da iyali da abinci a nufi bakin teku irin Ilashe, a ja ƙaramin a baya don wasa. Abin da bai ce ba, ni ma ban tuna masa ba, shi ne jirgin nawa katako ne da ake kwashe masa ruwa da gwangwanin tumatir. Amma kalmar "mai jirgi" ta riga ta shige ni. A daren na kwanta ina lissafi: ranar Juma'a da yamma yara su biya a zaga da su, ango da amarya su zo hoto, wataƙila har shugaban ƙaramar hukuma ya aiko a kira ni. Na sayar da buhunan waken da na ɓoye, na ranci kuɗin ragon maiɗakina da alkawarin zan mayar kafin layya.

"Malam," in ji ta, "kishiya za ka yi wa kwalekwalen?"

Na ce mata mata ba su san kasuwanci ba.

Amarya ta iso a bayan tirelar da ta sauke albasa a Legas, ta Bichi da Tsanyawa da Yashe, an ɗaure ta da igiya kamar saniyar da ta ƙi kasuwa. Rana ta cinye fentinta, sunan kamfanin ma ya goge, ba a san asalinta ba. Kafin a sauke ta rabin unguwa ya taru. Wani ya ce jirgin sama ne na yara, wata tsohuwa ta tambaya ko injin markaɗe ne na zamani. Ni kuwa da na kwana biyu ina bincike a waya, na tsaya na yi musu lacca: kamfanin Bombardier na Kanada ya fitar da irinsa mai suna Sea-Doo a 1968, Kawasaki na Japan ya biyo da nasa a farkon shekarun 1970 ya sa masa suna Jet Ski, sunan da ya bi duk dangin abin kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo, Yamaha kuma ya shigo daga baya da WaveRunner. Aka yi ta jinjina kai. Wani yaro ya ce, "To Baba, ina tayar?"

Kwana huɗu da isowarta, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle Square ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba, kafin ƙarshen Yuli ta haura 600. Ban taɓa jin jawabin shugaban ƙasa ya nufo ni ni kaɗai ba sai ran nan.

Kuma ko da man kyauta ne, babu inda zan hau. Watan Mayu ƙarshen rani ne, dam ya ja baya ya bar taɓo da sawun shanu. Baba ya ce in jira Agusta. Layya ta zo ta wuce babu rago, maganar da ba zan so a sake tayar da ita ba.

A cikin jiran ne na kira mai gyaran injin ban-ruwa na unguwarmu ya duba ta. Ya kwanta ƙasa ya leƙa cikinta, ya ga wata raga ta ƙarfe, ya zagaya baya ya zura hannu cikin bututu, ya miƙe yana karkaɗe riga.

"Alhaji, wannan ai famfon ban-ruwa ne aka ɗora wa sirdi."

Na ji haushi, amma duk binciken da na yi bai kai wannan bayani ba. Haka abin yake: ba shi da farfela a waje irin ta injin jirgi. Ta ƙasa yake zuƙar ruwa, wata farfela a cikin bututu ta matsa shi, ta feso shi ta baya da ƙarfi, feshin ne ke tura ka gaba. In ka murɗa kan, bakin bututun ne ke juyawa. Kuma da ruwan da yake ciki yake sanyaya injinsa. Wannan na ƙarshe mun gano shi ne bayan mai gyara ya tayar da shi a tsakar gida ya bar shi yana kuka minti biyar, har wani warin roba ya kori kaji. Kuɗin gyaran farko ke nan, tun amarya ba ta ga ɗakinta ba.

Agusta ta zo, dam ya cika ya batse. Wata Asabar muka ɗora ta a bayan a-kori-kura muka nufi Kusada, yara na bin mu a guje har bayan gari. Na sa farar shadda da hula ƙube, don na san za a yi hoto. A bakin ruwa mun ishe masunta sun gama zuba kalli, mata na wanki can gefe, wani Bafulatani na shayar da shanu. Baba ya zagaya abin sau biyu, hannu a baya.

"Alhaji, wanga abu ina ake aza kifi?"

Na ce ba na kifi ba ne.

"To mutum nawa yake ɗauka?"

Na ce biyu.

"Mi yake ci?"

Na nuna masa jarka mai lita 25 da galan ɗin baƙin man da ake haɗawa. Ya dubi kwalekwalena da ke ɗaure a gefe, wanda ke ɗaukar mutum shida da buhu kuma bai taɓa shan ko cokali ɗaya na fetur ba, ya ce, "Allah ya sa albarka." Ya dai matsa sai na sa rigar kariyar da ta zo tare da kayan, na ɗora ta bisa shadda na koma kamar kunkuru ya je biki. Akwai kuma wata jar igiya mai lanƙwasa da ke maƙale da makunni, wadda ake ɗaurawa a wuyan hannu don in mutum ya faɗi ta fizge, inji ya mutu. Na ga kamar abin wasan yara, za ta ɓata mini hoto, sai na naɗe ta a jikin kan.

Zan faɗi gaskiya ko da maiɗakina za ta karanta: minti ukun farko ban taɓa jin daɗi irinsu ba. Na matsa ɗan maɓallin wuta, abin ya ɗaga ƙirji ya cilla, iska ta cika mini baki, hula ta yi nata wuri, bakin ruwa ya kaure da ihu. Na ji ni ne Sarkin Ruwan Argungu da direban jirgin sama a haɗe. Har na saki hannu ɗaya na ɗaga wa jama'a.

Da na maido ido gaba sai na ga shanu.

Duk wanda ya taɓa hawa babur ya san abin yi: ka saki wuta, ka taka birki, ka kauce. Na saki wuta. Na laluba birki da hannu da ƙafa, babu. Tsofaffin ba su da shi sam, sai a 2009 aka fara sa wa wasu. Na murɗa kan hagu iya ƙarfina. Abin ya ci gaba da tafiya ɗoɗar, kai tsaye wajen wani farin bijimi da ya ɗago kai yana kallona yana tuƙa. Nan ne asirin da babu wanda ya gaya mini: tunda feshin ruwa ne ke juya shi, in ka saki wuta babu feshi, in babu feshi babu juyawa. Wato abin ba ya jin maganarka sai kana ƙona masa mai. Daga baya na gane halinsa ke nan a ruwa da tudu.

Tsoro ya sa na damƙe kan da hannu biyu, ashe na haɗa da maɓallin wuta. Kan kuwa yana murɗe. Abin ya yi wata juyawa irin ta doki a hawan Sallah, shi ya yi hagu, ni na ci gaba da tafiyar da muka faro tare.

Ban san tsawon lokacin da na yi a sama ba, amma na samu damar yin kalmar shahada cikakkiya. Na faɗa, na sha ruwa, rigar kariya ta cillo ni sama, na shiga kururuwa ina dukan ruwa ina kiran a taimaka, ina yafe wa waɗanda nake bi bashi da ƙarfi don a shaida. Amarya kuwa, da yake igiyar na jikinta, ba ta mutu ba. Ta rage murya tana zagaya ni a hankali kamar kura ta ga rago, kowane zagaye tana ƙara faɗaɗawa, har ta kai inda aka zuba kalli. Na ji ta yi wani tari, ta yi shaƙuwa, ta yi shiru.

Sai ga hancin kwalekwalena a hankali, Baba na tuƙi da filafili ba gaggawa. Ya tsaya kusa da ni ya dube ni.

"Alhaji, miƙe tsaye."

Na ce ya miƙo hannu, mutuwa nake.

"Miƙe dai."

Na sauke ƙafa. Ruwan iya ƙirjina ne. Bijimin nan ma yana tsaye bai fi taku goma da ni ba, ruwa bai taɓa cikinsa ba.

Haka uwargida ta jawo amarya zuwa gaɓa da igiyar ɗaure akuya, ni ina zaune a tsakiya ina ɗiga, ana miƙo mini gwangwanin tumatir in taya kwashe ruwa. Mu Katsinawa an san mu da kunya, amma ran nan na gane akwai wadda ta wuce gado. Da aka kifa babur ɗin, an ciro kalli uku daga cikinsa, da kainuwa, da leda, da tsakuwar da ta ci bakin farfela, da ƙaramar karfasa ɗaya, kifi ɗaya tilo da ya taɓa kamawa. Kalli biyu na mutane ne, na biya. Na ukun nawa ne. Masunta suka ƙara da cewa ƙarar ta kori kifi zuwa tsakiya, kwana uku ba su yi kamun kirki ba, kuma dattawansu suka roƙe ni cikin girmamawa, irin roƙon da ba a ƙi, cewa idan zan sake hawa in gwada Zobe ta Dutsin-Ma, ta fi faɗi. Na san mutanen Zobe ba su yi musu laifin komai ba.

Jarkar kuwa, tsakanin gwajin tsakar gida da wannan hawa, ta kusa rabi.

Na ɗauki farfelar a buhu na tafi Ƙofar Ruwa a Kano, kasuwar da ake cewa ko kan jirgin ƙasa kake nema za a samo maka. Sunan kasuwar ma ya ba ni ƙwarin gwiwa. Aka yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu. Wani ya ce ta fankar tirela ce, wani ya ce ta injin niƙa, wani ya auna ta a tafin hannu ya taya ta a kilo. Daga ƙarshe wani dattijo ya ce sai Legas, Legas ma sai an yi oda. Taubashina ya turo farashi, na duba sau biyu ko lambar wayar wani ce ya turo bisa kuskure. Kuɗin ya isa a haɗa sabon kwalekwale har a yi masa fenti.

Labari ya kai kunnen Banufen nan. Ya kira ni takanas, bai yi sallama ba, dariya kawai yake yi har katinsa ya ƙare.

Yanzu amarya tana ƙarƙashin dalbejiya a ƙofar gida, an ɗora ta kan tsofaffin tayoyi huɗu, ta samu tayar da yaron nan ya tambaya. Wata kaza ta mai da wurin sa ƙafa na dama akurki, ta yi ƙyanƙyasa biyu a ciki. Da ƙaramar Sallar 2024 babban ɗana ya wanke ta, ya rataya shuɗin zanen uwarsa a bango a matsayin teku, yara suka yi layi ana ɗaukarsu hoto naira hamsin-hamsin. Ya tara naira 3,400. Kafin in miƙa hannu maiɗakina ta karɓe, ta buɗe wani littafi da ban san tana da shi ba, ta rubuta, ta ce saura kuɗin rago kaza.

Baba yana nan yana aiko da kifi duk mako. Sai dai ɗan aiken, jikansa, ya daina ce mini Alhaji, Kyaftin yake cewa, kuma da alama a gida ya ji. Shekaranjiya kuma taubashina ya kira, ya ce ya samo wani irinsa sak, injinsa ya mutu amma farfelarsa garau, in na saya na haɗa biyun zan samu ɗaya lafiyayye. Na ce ya bari in yi shawara. Maiɗakina da ke tankaɗe a tsakar gida ba ta ɗago kai ba, ta ce in tambaye shi ko wannan ɗin yana da wurin sa ƙafa biyu, don akwai wata kazar da ta fara neman wurin kwanci.