Biro Biyu da Takalmi Mai Ƙwari: Shawara ga Mai Son Aikin Jaridar Wasanni

Ƙanena, tun da ka ce kana son zama ɗan jaridar wasanni, ka fara sanin cewa ba a rasa masu sharhi a ƙasar nan ba. Duk gidan kallon ƙwallo daga Fagge har Damagaram maƙil yake da su, kowa ya biya kuɗin shigarsa, kowa kuma ya fi Guardiola sanin wanda ya kamata a canja. Mai shayi yana da ra'ayi a kan Arsenal. Direban tasi zai warware maka matsalar Manchester United kafin ku kai shataletale na biyu. In ra'ayi ne hajarka, an riga ka zuwa kasuwa tun da asuba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai je fili da ƙafarsa, ya gani da idonsa, ya dawo ya faɗa mana abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Wannan gurbin har yanzu a buɗe yake, shi nake so ka nema.

Rigar kulob ɗinka, ninke ta ka sa a ƙasan akwati. Ban ce ka daina so ba, don wanda bai taɓa ƙin cin tuwon dare saboda an ci ƙungiyarsa ba, ba zai iya rubuta wa masu ƙin cin ba. Amma ranar da kake zaune a wurin 'yan jarida a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, Kano Pillars ta jefa ƙwallo a raga, fili ya ɗauka da "Sai Masu Gida!", za ka ji ƙafarka ta miƙe ba da izininka ba. Danne ta. Dubi agogo, rubuta minti, rubuta wanda ya ci, sannan ka rubuta wanda ya ba shi, domin shi ne kowa zai manta kafin a kai bakin ƙofa. Murnar ka ajiye ta sai ka isa gida, ba ta lalacewa.

Kayan aiki ba su da yawa. Biro biyu, saboda ɗaya za a ara, kuma ba zai dawo ba. Ƙaramin littafi mai bango mai kauri. Waya cike da caji, hula saboda rana, da takalmin da za ka iya gudu da shi. Wannan na ƙarshen da gaske nake: kafin a take wasa ka san ƙofar da za ka fita, kuma kada ka sa kaya mai launin rigar baƙi, don ranar da aka ci masu gida a minti na 90 ba kowa ke tsayawa duba katin aiki ba.

Sai inda za ka fara. Na san idonka yana Turai, amma Real Madrid ba ta jiranka. Kafin ka gama buga sakamakonta a wayarka, BBC Hausa, wadda take watsa shirye-shirye tun 1957, ta faɗa, DW da RFI sun faɗa, gidajen rediyon FM na garinku sun maimaita, yaran unguwa kuma sun riga sun kalli ƙwallon sau goma. Wurin da babu kowa shi ne filin firamaren bayan gidanku, inda ake tsaga layi da toka, raga ba ta da raga, alƙalin wasa kuma ya zo da usur ɗinsa a aljihun kaftani. Can za ka koyi aikin, kuma darasin farko shi ne suna.

Ka tsaya bakin fili da littafinka, ka tare yaron da ya ci ƙwallo biyu yana haki, gumi ya wanke masa fuska.

"Sannu da ƙoƙari. Yaya sunanka?"

"Kante."

"A'a, sunan da aka raɗa maka."

"Ai kowa Kante ya sani, yaya."

"Na Baba fa? Wanda yake kiranka da shi in zai aike ka?"

Sai ya yi dariya ya sunkuyar da kai, ya faɗa a hankali kamar mai tona asiri. Rubuta, ka karanta masa, ya gyara maka in Usman ne ko Usaini. A wasa ɗaya za ka haɗu da Messi uku da Pele biyu, akwai ma gola mai suna Neymar, to in ba ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba, rahotonka zai fito kamar an buga gasar cin kofin duniya a Rijiyar Lemo. Kuma kada ka raina wannan aikin. Ahmed Musa a irin waɗannan filaye na Jos ya taso, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar da ta ƙare a 2010, ya wuce VVV-Venlo a Holan, ya zura wa Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya zura wa Aisland biyu a ta 2018. Ranar da duniya ta fara tambayar daga ina yaron nan ya fito, wanda ya taɓa rubuta sunansa a bakin fili shi ne mai labari. Sauran kwafa suka yi.

Ka karanta dokokin ƙwallo. Guda 17 ne kacal, amma yawancin masu ihu a kan alƙalin wasa ba su taɓa buɗe su ba. Ka san cewa babu satar gida a jifa, ko bugun kusurwa, ko bugun gola. Ka san cewa tun 1992 aka hana mai tsaron raga ɗaukar ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Ka san cewa dokar ƙwallon waje ta danganta da gasa: Turai ta soke ta a 2021, alhali ita ce ta ba Pillars damar fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka ta 2009, bayan canjaras gida da waje, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Wanda ya san wannan, in gardama ta tashi a rediyo, ba sai ya ɗaga murya ba.

Tarihin gida kuwa yawancinsa ba a intanet yake ba, yana cikin kan dattawa. Ka nemi tsohon da ke zama kusa da ƙofar fili, wanda ya ga Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin lig a 1978, ko wanda ya kalli Ranchers Bees a Kaduna lokacin tana tashe. Gaishe shi da kyau, ka tsuguna, ka ce, "Baba, yaya aka yi a lokacinku?" Sai dai ka tabbatar ba ka da wata sabga har magariba, don in ya fara ba ya tsayawa hutun rabin lokaci. Rabin abin da zai faɗa maka gishiri ne, amma ɗaya rabin ba za ka same shi a ko'ina ba, kuma aikinka ne ka tace.

Yanzu rubutun kansa. Sakamako a layin farko: wa ya ci wa, nawa da nawa, a ina. Duk sabon shiga yana son ya fara da yadda rana ta take, iska tana kaɗawa, 'yan kallo suka yi dafifi tun hantsi, sai a sakin layi na huɗu mai karatu ya gano ashe ma an tashi babu ci. Edita zai ja jan biro a kan duk wannan, ranka zai ɓaci, za ka tafi gida kana cewa bai san adabi ba. Ya sani. Ya dai san cewa mai karatu a tsaye yake a tasha, mota tana lodi. Ka kuma yi rubutun da za a iya karanta wa wani a bayyane. Tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, jaridar Hausa mutum ɗaya ke riƙe da ita, mutum goma na saurare. Karanta wa gwaggonka rahoton. In ta gane wanda ya yi nasara da yadda aka yi, ya yi. In ta ce "To, yanzu wa ya ci?", koma ka zauna.

Hira ma sana'a ce. Kada ka tari kocin da aka ci uku da nema ka ce masa yaya yake ji. Ka san yadda yake ji, shi ma ya san ka sani. Abin da za ka samu shi ne amsar da kowane koci ya haddace: mun gode wa Allah, za mu koma gida mu gyara kurakuranmu. Bari ya sha ruwa tukuna, sannan ka ce, "Koci, lamba 8 shi ne yake riƙe maka tsakiya, me ya sa ka cire shi a minti na 60?" Zai kalle ka da kyau. Ko ya yi fushi, ya gane ka kalli wasan, kuma mako mai zuwa shi zai fara miƙo maka hannu.

Lokacin musayar 'yan wasa kuwa, ka kama bakinka da hannu biyu. Za a turo maka saƙo a WhatsApp cewa wane ya sa hannu, an gama komai, majiya mai tushe. Sau da yawa tushen majiyar ɗan'uwan ɗan wasan ne, ko dillalin da ke son farashi ya tashi. Kira kulob ɗin da zai bari, kira wanda zai koma, kira shi kansa. In ba su ɗauka ba, jira. Wanda ya riga ka sakawa a Facebook zai samu tafi yau, gobe ya goge a ɓoye. Mutane suna lura da wanda ba ya gogewa.

Akwai ranar da bayan taron manema labarai wani zai matso kusa da kai, ya murmusa, ya zura maka ambulan a aljihu ya ce na mai ne. Ba ka da mota, ba ka da babur, amma na mai ne. A nan zan daina wasa, ƙanena. Yawancin ƙungiyoyin lig ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, kuma babban labarin da ya fi yawan tasowa a cikinsu shi ne 'yan wasa sun yi watanni ba albashi, ko yaro ya karye a fili an bar iyayensa da kuɗin asibiti. Ranar da wannan yaron ya kira ka da dare yana rage murya, kai ne kaɗai hanyar da yake da ita. In ambulan ɗin shugaban kulob yana aljihunka, biron zai yi maka nauyi, kuma yaron ba zai sake kira ba. Na san aikin ba ya biya da kyau, musamman a farko, kuma na san wanda ya ce maka ka ƙi karɓa ba shi zai biya maka kuɗin haya ba. Shi ya sa nake cewa ka riƙe wata sana'a a gefe, koyarwa ko gyaran waya ko ɗaukar hoton biki, har ƙafarka ta tsaya. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, na gode, amma wurin aikinmu ba a yarda ba." Ko da wurin aikin naka ɗakin babarka ne, kai ne mai kafa dokar.

Kada kuma ka ɗauka wasa ƙwallo ce kaɗai. Je gidan dambe da la'asar, ka ga ɗan Kudu ya naɗe hannu da zare, ɗan Arewa ko Guramada yana zagaye fili, kalangu na tashi, ƙura na tashi, mai busa usur yana raba turmi. Naushi ɗaya ya yi kisa, fili ya ruɗe, 'yan liƙi su shigo, kafin ka ɗago kai an sa wani zare. Shago da Ɗandunawa sun shahara har yau saboda makaɗa irin su Ɗan'anace sun riƙe sunayensu, amma wa ya ajiye lissafin damben da aka yi makon jiya, wa ya buge wa, a turmi na nawa? Mai littafin da ya ɗauki wannan aiki tsawon shekara biyar zai zama mutumin da kowa ke nema. A Nijar, kokawar Takobi da aka fara a Tawa a 1975 tana tsayar da ƙasa cak duk shekara, yara a Maraɗi sun san Issaka Issaka na Dosso kamar yadda suka san Ronaldo. Ga folo a Katsina da Kaduna, ga langa a makarantu. Ke kuma ƙanwata, in kina karanta wannan, Super Falcons sun ɗauki kofin Afirka karo na 10 a Maroko a 2025, amma 'yan matan da ke buga ƙwallo a garinku babu mai zuwa kallonsu da littafi. Ke za su fi sakin jiki su faɗa wa abin da suke fama da shi a gida da fili.

Karatu yana da amfani, in ka samu shiga sashen koyon aikin jarida a Bayero ko Ahmadu Bello ko wata kwalejin kimiyya da fasaha, ka shiga, daga baya ka nemi rajista da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ƙungiyar marubuta wasanni ta SWAN. Amma kada ka zauna jiran takarda kafin ka fara. Nemi lambar mai gabatar da shirin wasanni a gidan rediyon garinku, ko editan shafin wasanni na jarida irin Aminiya. Kada ka aika masa doguwar wasiƙar cewa tun kana goye kake son ƙwallo. Aika masa rahoton wasan yau, layi goma, kafin sallar isha'i. Ba zai amsa ba. Mako mai zuwa ka sake aikawa, na gaba ma haka, da sunaye daidai da mintuna daidai. Wata rana wakilinsa zai maƙale a hanya, ko wayarsa ta mutu, ga shiri saura minti 20, sai ka ga baƙuwar lamba tana kira. Ba zai yi doguwar gaisuwa ba, cewa zai yi, "Kai ne yaron nan? Wa ya ci ta biyu?" Buɗe littafinka ka karanto masa, har da sunan mahaifin yaron.