Ire-iren Masunta Wajen Zaɓen Kayan Su a Ruwayen Ƙonni, Malbaza da Illela

Abu uku ake dubawa kafin a zaɓi kayan su: irin ruwan da za a shiga, iskar da ke kaɗawa a kansa, da kifin da ake nema. A gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa ta Nijar, ruwan iri biyu ne. Akwai mai gudu, na kwarin Maggiya, wanda ke gangarowa daga duwatsun Adar da damina, ja wur da laka, ɗauke da kara da ƙaya, ya ƙetare iyaka ya zube a tafkin Kalmalo kusa da Illelar Najeriya. Akwai kuma kwantacce, na madatsu da tafkuna: Mozage da Zango, da aka gina a kan Maggiya don shayar da filin noman rani na Ƙonni mai fiye da hekta 2,400; madatsar da albasar Galmi ke sha daga gare ta a gundumar Malbaza; da tafkin Ɗan Dutsi, wanda ke ƙasar Illela kafin a yanke gundumar Bagaruwa a 2011, aka kuma sa shi cikin jerin dausayoyin Ramsar a 2005.

Iska ma da lokutanta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, ya sanyaya ruwa, ya kora igiyarsa zuwa gaɓar kudu maso yamma, kifi ya nutsa ƙasa ya rage kiwo. Da bazara ruwa ya janye, kifi ya taru wuri ɗaya, gaiwa ta shige laka tana jiran damina. Da damina hadari kan taso daga gabas, kafin ɗigon farko ya sauka iskar gabansa ta riga ta hargitsa tafki.

Kowane yanayi da kayansa. Birgi, wanda ake jefawa ya buɗe ya nutse da nauyin darma, yana son ruwa marar zurfi, ƙasa marar kututture, da iska a bayan mai jifa. Kalli ana kafa shi da yamma a ɗebe da asuba, ana auna idonsa da yatsu, kuma ruwa mai gudu da shara abokin gabansa ne. Mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi jere, na tarwaɗa ne da sauran masu kiwo a ƙasa. Gura, tarkon kifi, tana aiki a cikin ciyawa da ɗan dunƙulen dusa. Taru sai da jama'a da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wannan ita ce ƙa'idar, kuma duk wanda ya girma a bakin ruwa ya haddace ta. Sai dai mafi yawan masu zuwa kasuwa sayen kaya halinsu suke tambaya, ba ruwan ba, shi ya sa ake iya kasa su gida-gida.

Mai gadon kaka

Birgi ɗaya gare shi, na kakansa. An yi masa ɗinki da ƙari har ba a san ko akwai sauran zare ɗaya daga na asali ba, amma wannan bai hana shi ba da labarin giwan ruwan da birgin ya taɓa kamawa tun kafin a gina madatsa. Da shi yake shiga ruwan damina, da shi yake shiga na hunturu. In ya jefa iska ta naɗe shi ya faɗi a dunƙule, sai ya ce iskar zamani ce ba ta da kunya. In tarwaɗa ta fice ta wata kafa, ya ce daman ba rabonsa ba ce. Maganar sabon kaya ba ta wuce jimla ɗaya a gabansa: da tsohuwar zuma ake magani. Amfaninsa ga jama'a shi ne ya fi kowa iya ɗinkin koma, domin ya fi daɗewa da allura a hannu fiye da yadda ya daɗe a ruwa.

Alhaji a-ba-ni-babba

Yawanci mai lambu ne da albasa ta yi wa kyau a bana. Ya shiga kasuwar Ƙonni ran Laraba, ko ya ƙetara Illelar Najeriya ran Lahadi, tambayarsa ɗaya: wanne ya fi girma? Zai sayi tarun da sai mutum goma za su ja, ya ɗora shi a amalanke, ya nufi ɗan tafkin bayan gari da yaro ke iya jifan ƙetarensa da hoge. Tarun ya kewaye tafkin har ya yi saura. Ya ɗauki ƴan ja, ya ciyar da su, ya biya su. Ja na farko ya sarƙe da kututturen bagaruwa, na biyu ya fito da laka da kwaɗi da takalmi wari guda. Ba ya lissafin asara, domin abin da ya saya da kuɗinsa shi ne a riƙa cewa duk yankin ba mai taru irin na Alhaji. Kaka na zagayowa, tarun ya koma shingen hana awaki shiga lambu, inda a karon farko yake biyan kuɗinsa.

Mai araha

Wannan bai ga dalilin kashe jikkuna a kan koma ba alhali ga gidan sauro an ba shi kyauta a likita. Ya kwance shi daga kan gadon ƴaƴansa, ya ɗaura masa duwatsu, ya shiga ruwa. Idon gidan sauro ba ya barin komai: ƴaƴan ƙarfasa da ba su kai ɗan yatsa ba, ƙwai, gansakuka, duk ya kwaso. Ruwa ma da ƙyar yake wucewa, saboda haka jan sa ya fi noma wahala. Dokar kamun kifi ta Nijar ta ɗora wa mai sana'ar su yankar takardar izini, shi kuwa ya ɗauki takardar a matsayin wani kashe kuɗin banza, don haka ya fi kowa saurin gane ƙarar babur ɗin ma'aikatan gandun daji daga nesa. Abin da ya tsimi a kasuwa yakan tafi a maganin zazzaɓin yara. Baɗi kuma, in kifi ya yi ƙaranci, shi ne na farko da zai ce baƙi sun cinye tafki.

Ɗan aro

Bai taɓa sayen ko ƙugiya ba, amma ya fi masu kaya sanin kaya. Ya san wane ne kallinsa ke da ido uku, wane ne gorarsa ba ta yoyo, wane ne jirginsa ke zaune a gaɓa saboda ya tafi biki. Da sallama yake farawa: “Kawu, ina gajiya? Na ga kallin nan naka a rataye, na ce kada rana ta cinye maka shi.” Zaɓensa bai dogara da iska ko zurfi ba, ya dogara da wanda bai yi wa laifi ba a makon nan. Shi ya sa ake ganinsa da kalli a ruwan Maggiya mai gudu, ya dawo da shi cike da ƙaya da karan dawa. Yana mayarwa da magariba, lokacin da ido ba ya ganin yaga, tare da tarwaɗa ɗaya ƙarama da dogon bayani a kan yadda kayan suka riga suka tsufa.

Malamin iska

Mazauninsa gindin bishiyar bakin ruwa. Yakan ɗebi ƙasa ya sake ta ya ga inda ta nufa, ya dubi tashin balbela, ya yanke hukunci. Sau da yawa gaskiya yake faɗi: ya san safiyar hunturu ta fi hantsi kwanciya, ya san ba a jefa birgi ana fuskantar iska, ya san gorar da mutum ke kwance a kanta yana tuƙi da hannu iska na iya kai ta tsakiyar ruwa ta bar shi can. Matsalar ita ce ilimin nasa bai taɓa samar masa ranar shiga ruwa ba. Yau iska ta yi yawa, gobe ta yi kaɗan, jibi ta juya. Wandonsa bai san jiƙa ba tun damunar da ta wuce. Duk da haka ba ya komawa gida hannu rabbana, domin kowa ya fito sai ya ba shi ɗan na miya, ladan shawarar da ba a nema ba.

Wanda ya ga teku

Ya yi ci-rani a Legas ko Kwatano ko Abijan, wani kuma tafkin Cadi ya je. Tun da ya dawo ba ruwan da ya cika masa ido. A ce masa yau Mozage ta yi igiya, sai ya yi dariya ya ce can inda ya fito wannan ko alwala ba ta isa ba. Yana son jirgi mai tsawo da inji a gindi, da ƙugiyar da bakin ƙurungu ba zai iya haɗiya ba. Ba ya tuna cewa jirgin teku an yi masa tsini da nauyi ne don ya tsaga igiya, na tafki kuwa ana son shi da shimfiɗaɗɗen ciki don ya bi ruwa marar zurfi a tura shi da gwangwala. Madatsun yankin kuma laka na cike su shekara bayan shekara, zurfinsu na raguwa. Saboda haka injinsa kan tsunduma cikin taɓo taku kaɗan daga gaɓa, ya sauko ya tura, yana ci gaba da labarin teku ga yaran da ke taya shi.

Mai waya

Sabon shiga ne a jerin. Ya ga bidiyon masu wasan sululu a kan allo, suna riƙe da ƙyallen da iska ke turawa, ya ce ga maganin wahalar filafili. Abin da bidiyon bai nuna masa ba shi ne masu wannan wasa ma zaɓe suke yi. Suna auna ƙyallen da murabba'in mita. A teku mai igiya da iska mai ƙarfi ƙarami suke ɗauka, mita huɗu zuwa biyar, mai ƙwari da sauƙin juyawa. A kwantaccen ruwa mai sanyin iska sukan kai bakwai ko takwas ko fiye, don ya tara iskar da za ta ɗaga allon. Nauyin mai hawa ma yana cikin lissafi, kuma allon na da wani reshe a ƙasa da ke hana shi zamewa gefe. Shi kuwa sai ya farke buhunan taki huɗu, ya ɗinke, ya ɗaura a gora, ya kafa a tsakiyar jirgin katako, ya zaɓi ranar da hunturu ya fi ƙarfi don a ga gudu. Ana kuwa ganin gudun. Jirgin ya miƙe kudu maso yamma ba birki ba kwana, sai ya tsaya a inda ruwa ya ƙare. Dawowa a ƙasa ake yi, da buhunan a ka. Abokinsa da ya bari a gaɓa da wayar ya riga ya tura wa gari duka.

Mai laya

A wurinsa zaren koma da idonta ƙaramin al'amari ne, babban shi ne abin da aka ɗaura mata. Gorarsa ta sha layu har ta ƙara nauyi. In ya kama, aikin malam ne. In bai kama ba, wani ya yi masa baki, ko mutanen ruwa ba su so ranar ba. Bai taɓa zargin mamarin da ƙugiyoyinsa suka yi tsatsa ba. Tsofaffin masunta ba sa yi masa dariya a fili, domin su ma suna girmama ruwa, kuma ba sa shiga inda sarkin ruwa ya hana. Bambancinsu da shi, su sukan wasa ƙugiya kafin su yi addu'a.

Mai shiru

Shi ne mafi ƙaranci, kuma shi ne ƙa'idar ke aiki a hannunsa. Kayansa ba su da yawa: kalli biyu masu ido daban-daban, birgi ɗaya, mamari, ƴan gura. Da damina ya bar tsakiyar kwari ya kafa gura a gefen ciyawa. Da hunturu ya shimfiɗa mamari a zurfi, ya fita tun kafin iska ta farka. Da bazara ya ɗauko birgi. Yana mayar da ƙananan kifi ruwa, ba don wa'azi ba, don ya san shi zai dawo ya same su. Aibinsa ɗaya: ba ya faɗin gaskiya. A tambaye shi, “Baba, ina aka samo waɗannan?” sai ya nuna gabas da haɓa, alhali daga yamma ya fito. A ce yaya ruwa, ya ce sai godiya, yana jan buhu ya rufe bakin gora.

Mutum ɗaya kan ratsa gidaje da dama cikin waɗannan a rayuwarsa: ya fara da aro, ya yi kuɗi ya sayi babba, ya tsufa ya koma gindin bishiya yana karanta iska. Hukunci a kansu duka yana hannun mata masu suya da ƴan banda da ke jira a gaɓa da kwanoninsu. Su ba sa tambayar tarihin birgi ko sunan garin da aka yi ci-rani. Suna ɗaga kifi su duba girmansa, su buɗe kunnensa su ga ko ja ne, su faɗi kuɗi. Mai shiru ya karɓa ya tafi, sauran kuma su tsaya yi musu bayanin dalilin da ya sa yau ba a samu ba.